Afuwar da Na Roƙa Kan Kwandon Banda

Tsufa ya fara yi mini sata. Ina neman hulata alhali tana kaina, jikokina kuwa sai na bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya kafin in faɗa kan wanda nake nufi. Amma akwai abu guda da na tabbata ko ƙwaƙwalwar ta zube gaba ɗaya shi zai maƙale a gindin tukunya, wato shekarar da aka ɗaure ni kan tabar wiwi, da ƙarar da muka ɗaukaka daga baya. Wannan kam ba zan manta da shi ba har a rufe ni da ƙasa. Karatuna bai wuce aji uku na firamare ba, shi ma rabinsa a bakin gulbi na yi shi, don haka wanda ya ga rubutun ya karkace sai ya bi ni a karkacen.

Lokacin Birnin Kebbi ba ta zama babban birnin jiha ba, duk muna ƙarƙashin Sakkwato. Sana'ata fataucin kifin banda. In saya a hannun masunta a Argungu, in cika kwanduna da tarwaɗa da ƙarfasa, in hau a-kori-kura in kai kasuwar Birnin Kebbi. Jarina bai taka kara ya karya ba, bakina ne babban jarin. Na taɓa tara mutane a rumfa na ba su labarin yadda giwan ruwa ya haɗiye mini keke, aka kama shi bayan sati aka tarar ƙararrawar tana aiki. Ana dariya ana sayen kifi. Kowa ya san ni da shegantaka da ƙarya ta wasa, ni kuma ina jin daɗin sunan, ban san akwai ranar da zan nemi a yarda da maganata in rasa mai saye ba.

Mahaifina kuwa wani irin mutum ne daban. Shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Ba lasifika a lokacin, kan ɗan tudun ƙasa yake hawa ya toshe kunne, amma masunta masu jefa birgi a tsakiyar gulbi da muryarsa suke sanin asuba ta yi. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da sarauta. Kiran sallar nan shi ne duk abin da ya mallaka, kuma yana riƙe da shi kamar ƙwai a tafin hannu.

Ranar da abin zai faru ina tasha ina ɗaure kaya, sai ga wani mutum da ke zuwa kowace kasuwa yana sayar wa masunta zare da ƙugiya. Mun saba gaisawa, mun sha ci a kwano ɗaya wurin mai tuwo, amma ko garinsu ban sani ba. Ya zo da kwandon banda an ɗaure bakinsa da igiya.

Ya ce, "Malam, don Allah ga saƙo. Ƙanena za shi tarbe ka tasha, mai jar hula na, ya san ka."

Na ce, "Aje nan. In kihin ya rage a hanya, ɓeran mota na."

Muka yi dariya, ya tafi. Yaran yanzu za su ce don me ban buɗe na duba ba. To a wurinmu ba a buɗe saƙo. Wanda ya kwance saƙon mutum ya leƙa, ya kira shi ɓarawo ke nan ba da baki ba. Na ɗauki ƙullin magani, na ɗauki kaji, na ɗauki kayan lefe, har wata tsohuwa an taɓa ba ni saƙonta in kai wa ɗanta a unguwar Badariya, ban taɓa tambayar kowa me ke ciki ba.

A cikin mota Allah Ya haɗa ni zama da wata bazawara mai suyar kifi. Ta dubi kwandunan ta ce, "Duk kayan ga naka na?" Da mai hankali ne sai ya ce a'a, ɗaya saƙo ne. Ni kuwa na gyara hula na ce, "Wanga ma kaɗan na, rabin na baro gida don motar ba ta ɗauka." Na faɗa da ƙarfi yadda har na kan kaya sai da suka ji.

Muna gab da Ambursa muka iske shinge, ganguna da katako. Wani saje ya zagayo baya da tsinken ƙarfe ya tambayi mai kayan. Kafin in buɗe baki bazawarar nan ta ce, "Duk na alhajin ga na." Na ɗaga hannu ina murmushi kamar an naɗa ni sarkin banda. Ya soka tsinken a kwanduna nawa, ya zare. Ya soka a na saƙo, ya zare, ya kai hanci, ya tsaya. Sai ya ce, "Alhaji, wannan kifin naka ciyawa yake ci?" Aka yanke igiya. Tarwaɗa a sama kamar tsawon tafin hannu, ƙasa kuwa ƙunshi ne a takardar siminti, danƙare da ganye. Wanda ya shirya abin ya san warin banda yana danne kowane wari.

Na ce saƙo ne. Saje ya ce, "Ɗazu duk naka ne." Mutanen mota suka ce ƙwarai haka na faɗa, har da rabin da na baro gida. Don wannan rabin sai da aka je aka birkice gidanmu a gaban mahaifina, har ɗakin da yake ajiye allunansa. An kai ni tashar Birnin Kebbi mu nemi mai jar hula. Ranar kamar an yi rabon jajayen huluna a garin, amma ba wanda ya matso. Mai zare da ƙugiya kuwa tun daga ranar ba a sake ganinsa a Argungu ba.

Ana gobe za a kai ni kotu kawuna ya zo. Tsohon masinja ne na En'e, ya yi ritaya da kwat ɗin kakinsa, kuma a danginmu duk abin da ya shafi hukuma shi ake tambaya, don shi kaɗai ya taɓa tsayawa kusa da Di'o. Na fara zuba masa labari tun daga tasha, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Bakin ga naka shi za shi kashe ka. Ka ji ni da kyau. Gaban hukuma ba a musu. Na ga masu musu da idona, ba wanda yak koma gida da wandonai. In anka kira ka, ka duƙa, ka ce ranka shi daɗe, a yi min ahuwa. Komi anka tambaye ka, ahuwa. Alƙali mutum na, in ya ga ladabi zuciyatai sanyi take yi."

Na ce, "Kawu, ai ban yi ba."

Ya ce, "Wa yat tambaye ka ka yi? In sarki ya yi hushi da kai, tsayawa kake ka ce ba ka yi ba? Haƙuri kake ba shi, in ya huce a yi magana."

Gaskiya maganar ta shige ni, don haka aka rene mu. Ko babba ne ya taka ka, kai ne mai cewa a yi haƙuri. A gaban hakimi, a gaban malam, a gaban suruki, mutum yana duƙawa ne tukuna, bayani sai daga baya. Ban san kotu ba ta da daga baya ba.

Da aka shiga da ni na hango mahaifina a bencin ƙarshe, ya dafa sandarsa. Bai taɓa taka kotu ba sai ranar. Aka karanta laifi da Turanci, tafinta ya juya mini, aka ce na yi ko ban yi ba. Labarin gaba ɗaya ya taso mini har maƙogwaro. Na waiwaya, kawu ya yi mini alama da tafin hannu, ƙasa, ƙasa. Na durƙusa cikin akwatin da ake tsayar da wanda ake tuhuma har ba a ganin kaina na ce, "Ranka shi daɗe, a yi min ahuwa." Aka ce in miƙe. Aka tambaye ni ko a hannuna aka sami kwandon, na ce a hannuna ne, a yi mini afuwa. Alƙali ya yi rubutu. Ba a kira direba ba, ba a kira bazawara ba, ko sajen ba a sa ya yi dogon bayani ba. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Shekara ɗaya da rabi, ba zaɓin tara. Ni da na rayu da surutu, ranar da surutu zai yi mini amfani ranar na koyi ladabi.

Ana fita da ni kawu ya matso ya ce, "Ka gode Allah, ladabin ga ya rage ma. Da ka yi musu, goma za su ba ka." Mahaifina kuwa yana nan a bencin ƙarshe. Da na wuce ta gabansa ƙafafuna ya kalla, bai kalli fuskata ba.

Gidan kaso ba sai na ba da labarinsa ba. Gajeren wando, wake da tsakuwa, yankan ciyawa a unguwar ma'aikata, inda duk ɗan Argungu da ya zo wucewa sai ya rage tafiya ya tabbatar ni ne. Fursunoni da suka ji yadda aka yi suka sa mini suna Malam Ahuwa. Duk wannan na iya haɗiye shi da dariya. Abin da ya tsaya mini shi ne ranar da yayata ta zo ziyara, ta zauna tana murza bakin gyale, ta ce, "Baba ya aje kiran salla."

Na ce, "Ciwo yake?"

Ta ce, "Lahiyatai lau. Yac ce wanda bai iya kiran ɗanai ya ji ba, ba shi hawa tudu shi kira 'ya'yan mutane. Liman ya zo, dattawa sun zo, ya ƙi."

Tun daga ranar na daina lissafin fita. Abin da nake so kawai a wanke ni, tsohon nan ya koma kan tudunsa.

Hanyar ta zo ta inda ban zata ba. Akwai wata mata Kirista, mutuniyar Filato, da ta daɗe tana sayen kifi a rumfata, kullum muna faɗa kan gyara. Da ta ga rumfa a rufe ta tambaya, aka gaya mata, ta ce wannan mutumin maƙaryaci ne amma ba mugu ba ne. Ban taɓa samun shaida mai kyau irin wannan ba. Ashe mijinta lauya ne. Ya zo ya same ni, dogo mai tabarau, ya saurare ni har na kai ƙarshe, shi ne mutum na farko da ya yi hakan.

Ya ce, "Wa ya ce ka roƙi afuwa?"

Na ce, "Kawuna."

"Kawun naka lauya ne?"

"Masinja na."

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce mini akwai abin da ake kira ɗaukaka ƙara, wato a kai hukuncin gaban babbar kotu ta duba ko an yi daidai. Amma wanda aka rubuta ya amsa laifi da bakinsa, ƙofarsa ƙarama ce ƙwarai. Sai dai mu nuna cewa abin da na faɗa ba amsa laifi ba ne. Yayata ta sallame shi da shinkafar fadamarta, ya shigar da ƙara. Ya nemi a ba da belina kafin a saurara, aka ce a kawo mutum mai mutunci ya tsaya mini. A duk Argungu ba a sami wanda zai haɗa sunansa da na ɗan wiwi ba. Kawu da kansa ya aiko cewa bayansa na ciwo.

Sai jira. Babban alƙali a Sakkwato yake, sai lokaci-lokaci yake zuwa zama Birnin Kebbi. Zuwan farko aka ce ba a gama buga bayanan shari'ar farko ba, shari'ar da ko tsawon gaisuwar surukai ba ta kai ba. Zuwa na biyu lauyan gwamnati bai samu zuwa ba. Ruwa ya sauka, fadama ta cika, aka yi shuka, aka yi girbi, ina nan da gajeren wando.

Ban zauna banza ba dai. Na shirya jawabin da zan yi wa babban alƙali, tun daga bakin gulbi har shingen Ambursa, ba ƙari ko na ƙwayar gero. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ba da labari ba gishiri, kuma ya fi ƙarya wuya. Da yamma bayan aiki mukan kafa kotu a gindin darbejiya. Wani ɓarawon shanu ya ɗora tsumma a ka ya zama alƙali, ni kuma in tsaya in zuba. In yana cikin nishaɗi ya sallame ni har da ba ni matar aure, in yunwa ta dame shi ya ce a rataye ni. Har masu gadi sun haddace jawabin, in na tsallake wuri su tuna mini.

Ranar da aka saurari ƙarar na yi wanka da sabulun aro. Babban alƙali ya shigo da hular gashin nan tasu, aka miƙe, aka zauna. Lauyana ya tashi ya yi Turanci, na gwamnati ya tashi ya yi Turanci, suna buɗe manyan littattafai suna ce wa juna abin da ban sani ba. A duk zaman abu biyu na gane, sunana da Argungu. Da na ga abin yana neman ƙarewa ban sa baki ba, na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Lauya ya juyo ya yi mini alama da tafin hannu, ƙasa, ƙasa. Na ce a raina, yau ma.

Bayan an tashi ya zo yana murmushi, ya kama hannuna ya ce mun yi nasara. An soke hukuncin. Babbar kotu ta ce roƙon afuwa ba amsa laifi ba ne, kamata ya yi a rubuta ban amsa ba, a kira shaidu. Tunda kuwa abin da ya rage mini a ɗaurin bai fi 'yan makonni ba, ba sai an sake shari'a ba, in tafi gida.

Na ce, "To yaushe za a ji nawa bayanin?"

Ya ce, "Babu. An gama ke nan."

"Alƙalin yac ce ban yi ba?"

"Bai ce ka yi ba."

"Wanga na ji. Yac ce ban yi ba?"

Murmushin ya ragu. Ya ce, "Malam, ba a tambaye shi wannan ba. A wurin doka kai yanzu kamar ba a taɓa ɗaure ka ba ne." Na gode masa, don ya yi abin da ɗan'uwa bai yi ba. Amma na fito da jawabina a ciki ko kalma ɗaya ba a taɓa ba.

Na isa Argungu gab da la'asar. Labarin ɗaurina ya riga ni zuwa ko'ina tun ranar farko, na sakina kuwa ni na ɗauko shi da ƙafata, kuma duk wanda na gaya wa sai ya ce madalla yana kallon gefe. Na iske mahaifina a zaure kan buzu, ya rame, gemun ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi, na ce babbar kotu ta soke hukunci.

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ja carbi kaɗan. Sannan ya ɗago ya dube ni a ido. "Alƙalin yac ce ba ka yi ba?"

Ni da na sa giwan ruwa ya haɗiye keke a gaban kasuwa guda, kalma ɗaya tak ake nema a wurina, in ce i. Wallahi na buɗe baki zan faɗa, ta ƙi fita. Na ce, "Yac ce ba a tambaye ni yadda ya kamata ba, Baba."

Ya ce, "Ni na ji anka tambaye ka. Ina wurin."

"Kawu yac ce in..."

"Kawunka yat tsaya cikin akwatin, ko kai?" Bai ɗaga murya ba. "Ni na haihe ka, na san bakinka. Kana yaro in anka kama ka da ƙwai a hannu, cewa kake kaza tab ba ka ajiya. Ba ka taɓa shiru kan abin da ka yi ba, balle wanda ba ka yi ba. Ran nan kad durƙusa kana neman a yahe ma. Wanda bai yi ba, mi za a yahe mai?"

Na fara jawabin nan nawa, tun daga bakin gulbi. Ban kai tasha ba aka kwaɗa kiran salla, wata muryar saurayi ta sabuwar lasifikar da aka kafa, tana karkarwa a inda ya kamata ta miƙe. Mahaifina ya runtse ido har aka gama. Sannan ya ce, "Tashi ka tahi masallaci, an kira."

Bai sake hawa tudun nan ba. Yakan bari sai an tayar da salla ya shiga sahun baya, a sallame ya fita. Na sha ƙoƙarin ƙarasa masa labarin, ya saurara kamar yadda ake sauraron ruwan sama a kan kwano, in na gama ya ce Allah Ya kyauta. Kawu kuwa ya yi tsawon rai, har ya mutu yana gaya wa mutane shi ya ceto ni daga shekara goma.

Damina biyu bayan haka ciwon ajali ya kama tsohon. Da ya ga abin ya yi nisa ya sa aka kira ni, ya lalubo hannuna ya riƙe. Na sunkuya ina jiran in ji ya ce ya yarda da ni. Sai ya ce, "Abin da ka yi, na yahe ma duniya da lahira." Yayata tana kuka tana cewa in gode. Na ce na gode, Baba. Afuwar da na durƙusa na roƙa a kotu aka hana ni, ga inda ta fito, daga bakin mutum ɗaya tak a duniya da ba na son ta daga wurinsa.

Abin da na koya ke nan, kuma na biya shi da tsada. Ladabi abu ne mai kyau, ban hana kowa duƙa wa babba ba. Amma in an tambaye ka ka yi ko ba ka yi ba, ka miƙe tsaye ka faɗi gaskiyarka a wannan lokacin, ko duk dattawan danginku suna yi maka alama da hannu. Kada ka ba da haƙuri kan laifin da ba naka ba da niyyar yin bayani in an huce. Kotun sama tana iya soke abin da alƙali ya rubuta. Abin da mahaifinka ya ji da kunnensa kuwa, na nema har na tsufa, ban sami inda ake ɗaukaka ƙararsa ba.